Yadda zaka sa ɗigon fokas ya bi abu mai gudu, doki ne ko ɗan ƙwallo ko amarya a filin rawa

Ka je kallon hawan sallah ka samu waje mai kyau tun da wuri, mahaya suka sako dawakai a sukwane zasu yi jahi, kai kuma ka kafa ido a kyamara kana ta dannawa kamar ba gobe, ka duba ɗan sikirin ɗin baya kaga komai kamar ya fito, sai da ka koma gida ka zuba hotunan a laftof sannan kaga dokin dishi-dishi kamar an shafa masa man kaɗe, amma dogonyaron dake bayansa ya fito tar har ganyen kana iya ƙirgawa. Ni kam ya faru dani ba sau ɗaya ba, shekarar farko da na riƙe kyamara na dawo da hoto ya fi ɗari huɗu, waɗanda zan iya nuna wa mutum ba kunya basu kai goma ba. Lokacin na ɗora laifin kan kyamarar, nace ai ƙarama ce, ashe ni ne na bar ta tana zaɓar abinda zata kalla da kanta.

Toh bari mu fara daga waɗannan 'yan ƙananan akwatunan ko ɗigo-ɗigo da kake gani in ka leƙa tagar kyamara, waɗanda suke kawo ja ko kore in ka danna maɓallin ɗauka rabi. Su ne ɗigon fokas. Kowanne ɗaya waje ne da kyamara take iya auna nisan abinda ke gabanta, kuma duk abinda bai faɗo ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu ba, a wajen kyamara kamar babu shi ne. A kyamarori masu madubi a ciki, irin su Canon 600D ko Nikon D3300 da suka cika hannun masu hoton biki, akwai wata 'yar sensa daban a ƙasan madubin, hasken da ya shigo ta gefe biyu na lens ana raba shi a kwatanta, kamar dai yadda in ka miƙa yatsa a gabanka ka rufe idon dama sannan ka rufe na hagu zaka ga yatsan ya yi tsalle. Daga girman wannan tsallen kyamara take gane ko ta tura fokas gaba ko ta jawo shi baya, da kuma nawa zata tura, a take ba tare da lalube ba. Wannan fasahar ba sabuwa bace, tun 1985 Minolta ta fito da kyamarar 7000 mai otofokas a jikinta, lokacin ɗigo ɗaya tal ne a tsakiya kuma mutane sun ci abinci dashi.

Abinda yawanci ba a gaya wa mai koyo shine ɗigogin nan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wasu layi ɗaya kawai suke gani, ko na tsaye ko na kwance, wasu kuma masu kuros ne suna ganin duka biyun, su ne basa saurin ruɗewa. Canon 1300D da 2000D da 600D ɗigo 9 ne dasu amma na tsakiya kaɗai ne mai kuros. Nikon D3100 har zuwa D3500 ɗigo 11, nan ma na tsakiya kaɗai. D5300 da D5600 suna da 39, guda 9 na tsakiya masu kuros. D7100 da D7200 da D750 suna da 51, masu kuros 15. Canon 700D ɗigo 9 ne amma dukkansu kuros, 80D tana da 45 duka kuros, 7D Mark II kuma 65, ita dama dan wasanni da tsuntsaye aka yi ta. Kaga kenan in ƙaramar kyamara ce a hannunka kuma abu na gudu, na tsakiyan nan shine abin dogaronka, sauran sai in haske ya wadata sosai.

Kuma ɗigo baya ganin doki ko mutum, bambancin haske da duhu yake nema. Shiyasa in ka ɗora shi a tsakiyar farar babbar riga da rana tsaka zaka ji lens yana ta kai da komo, zuuu zuuu, ya kasa tsayawa. Matsar dashi kan aikin wuyan rigar, ko bakin rawani inda ya haɗu da fuska, ko linzami da adon goshin doki, nan take zai kama. Wannan kaɗai in ka riƙe ka rage rabin matsalarka.

Fara da canza yanayin fokas ɗin kansa

Kafin maganar wane ɗigo zaka zaɓa, fita daga koren Auto ɗin nan dan Allah, domin a can kyamarori da yawa basa ma barinka ka taɓa komai. Juya zuwa Tv a Canon ko S a Nikon da Sony, inda kai zaka zaɓi gudun shota, wato labulen dake buɗewa haske ya shiga sensa, ko M da kai zaka saita komai in hannunka ya faɗa.

Sannan ka nemi yanayin otofokas. Akwai wanda yake kamawa sau ɗaya ya kulle, Canon suna kiransa One Shot, Nikon da Sony AF-S. Wannan na hoton fasfo ne da ango da amarya a tsaye. Akwai kuma mai bi, AI Servo a Canon masu madubi ko Servo kawai a sababbin, AF-C a Nikon da Sony, shi muddin yatsanka na kan maɓalli rabi bazai daina aunawa ba. Na ukun, AI Focus ko AF-A, wai shi zai gane da kansa ko abu ya fara motsi sai ya canza, ni dai ban yarda dashi ba, kafin ya gama shawara dokin ya wuce Kofar Kudu. Sa mai bi kawai ka huta.

Ga dalilin da yasa abin yake da muhimmanci haka. Dokin da yake sukuwa a kilomita 40 cikin awa yana cin kusan mita 11 a sakan ɗaya. Tsakanin lokacin da ka danna da lokacin da madubi ya ɗaga shota ta buɗe akwai ɗan jinkiri, ko da kashi ɗaya cikin goma na sakan ne dokin ya riga ya matso sama da mita ɗaya. In kana kan lens 200mm a f/4, wato lambar faɗin ƙofar lens da in ta ƙaru ƙofar take tsukewa, da kyamara mai ƙaramar sensa, dokin yana nisan mita 10, faɗin wajen da zai fito garau bai wuce kamar santimita 40 ba. Ka haɗa lissafin da kanka. Shiyasa yanayin mai bi ba bi kawai yake ba, yana kintatar inda abin zai kai lokacin da shota zata buɗe sai ya kai fokas can ya jira. Amma kintacen sai ya samu bayanai, wato sai ka bashi kamar sakan ɗaya yana bin abin kafin ka danna har ƙasa. Masu koyo da yawa anan suke faɗuwa, suna ɗaga kyamara su soka maɓalli lokaci guda kamar mai kashe sauro, hoton farko ya lalace na biyu ma haka. Ɗauko dokin tun daga nesa, danna rabi, bi shi, bi shi, in ya cika firam yadda kake so sannan ka sake masa ruwan hotuna.

Ɗigo ɗaya, ko ɗaya da 'yan rakiya, ko duka

Nan ne asalin maganar. In ka bar kyamara a kan zaɓin duka ɗigogi, yawanci abinda ya fi kusa da ita ko ya fi ƙyalli shi take kamawa. A filin hawa abinda ya fi kusa da kai kuwa ai ƙeyar wani ne da ya ɗaga waya yana bidiyo, ko sandar ɗan doka. A filin ƙwallo ragar waya ce ko mai tsaron gefe. Wannan zaɓin yana da ranarsa, misali shaho ko shirwa a sararin sama da babu komai a baya, ko tattabaru sun tashi, nan kam bar mata duka ta yi aikinta dan babu abinda zai ɗauke mata hankali. Amma cikin taro kar ka fara.

Ɗigo ɗaya shi ya fi komai tabbas, inda ka ɗora nan zata kama, ba gardama. A Canon ƙanana ka danna maɓallin dake can saman dama ta baya inda babban yatsanka yake, sai ka juya dayal ko ka danna kibiyoyi, SET kuma yana kai ka tsakiya. A Nikon ƙanana ka shiga ta maɓallin i ka zaɓi Single-point, kibiyoyi su matsar dashi, OK ya maido shi tsakiya. Matsalarsa ɗaya ce, riƙe ɗan ƙaramin akwati a kan fuskar mutumin da doki ke jijjigawa ba wasa bane, da zarar ya zame ya faɗa kan bango sai fokas ya tafi bango. Ga abu mai tahowa kai tsaye wajenka, ko mai tafiya a hankali kamar tawagar hakimi tana takawa, ɗigo ɗaya ya isa har ya yi yawa.

Wanda ni na fi zama a kai shine na tsakiyar biyun, ka zaɓi ɗigo ɗaya amma na kewaye dashi su zama 'yan rakiya, in abin ya zame daga naka su tare shi kafin ka dawo. Nikon suna ce masa Dynamic-area, a D5300 zaka ga 9 ko 21 ko 39, a D7200 da D750 kuma 9 ko 21 ko 51. A Canon manya irin 7D da 5D Mark III sunansa AF point expansion, a Sony Expand Flexible Spot. Shawarata ka fara da mafi ƙanƙanta, wato 9. Mutane suna ganin 51 ai ya fi 9 sai su zaɓe shi, alhali duk yadda ka faɗaɗa haka kake ƙara ba kyamara damar ta kama wani abin da ba shi kake nufi ba. Sai in abin ya fi ƙarfin hannunka, irin yaro ɗan shekara uku yana zagaye tsakar gida ko ɗan dambe da baka san ta ina zai kai hannu ba, sannan ka hau 21.

Akwai kuma Zone a Canon da Sony, da Group-area a wasu Nikon kamar D750 da D500, su gungu ne guda na ɗigogi suna aiki tare ba shugaba, kuma suna fifita abinda ya fi kusa a cikin gungun. Yana da daɗi sosai in mahayi ɗaya ne ya ɓallo shi kaɗai, ko mai keke, ko ɗan tsere. Amma ka lura da doki mai tahowa gaba da gaba, abinda ya fi kusa hancin dokin ne, mahayin yana baya da mita ɗaya ko fiye, toh in fuskar mahayin kake so sai ka ɗaga gungun sama ya bar kan dokin, ko ka tsuke lens zuwa f/8 ko fiye dan su fi samun damar fitowa tare. Wannan sai ka yanke shawara tun kafin su taho, hoton na doki ne ko na mai doki, dan in mai dokin ne ya biya ka kuma ka kawo masa hancin doki garau fuskarsa a dushe, kai dashi.

Sai 3D-tracking na Nikon, wanda zaka ɗora ɗigo kan abu ka danna rabi sai kaga ɗigon yana tsalle da kansa yana bin abin duk inda ya yi cikin firam. Ranar da na fara gwada shi na ji kamar sihiri. Yana amfani da launi ne wajen gane abinda yake bi, shiyasa in mutum ɗaya ne da jar riga a kan koren fili ba ya kuskure. Amma kai shi cikin dogarai da kowa ja da kore, ko cikin ƙawayen amarya da suka yi anko, sai kaga ya bar wadda ka ɗora masa ya koma kan ta kusa da ita ba ko sallama. A irin wannan wajen koma ɗigo ɗaya da 'yan rakiyarsa.

Masu kyamara mara madubi nasan kuna ta murmushi. Eh gaskiya ne naku ya fi sauƙi, ɗigogin a jikin babbar sensar suke kuma sun bazu kusan ko'ina, Sony A6000 tun 2014 tana da 179, A6400 tana da 425, A7 III kuma 693 da suka rufe kusan kashi 93 cikin ɗari na firam, ga gane fuska da ido, Canon R6 Mark II ma har doki tana ganewa. Sai dai a taro fuska hamsin ce a gabanta kuma bata san wacce ce ta mai gayya ba. Ga mahayi ya ja amawali ya rufe baki da hanci ido kawai ake gani, wani lokacin sai ta tsallake shi ta kama fuskar ɗan kallo da take a buɗe. Dan haka ko a nan ɗin, kai zaka nuna mata inda zata fara, ka sa Tracking da ƙaramin akwati, ka ɗora kan mutuminka, ka danna, sannan ka bar ta ta bi. Kuma ka sa wani maɓalli kusa da yatsa da zai kashe gane fuskar in ta fara shirme.

Wani abu ga masu tsofaffin kyamarori masu madubi, kar ka ɗauki abu mai gudu kana kallon sikirin ɗin baya. A 600D da 1300D da D3300 da ire-irensu da zarar ka kunna sikirin madubi ya ɗaga, waccan sensar mai sauri ta daina aiki, kyamara ta koma lalube a hankali. Sa ido a taga. Canon sai daga 70D a 2013 da suka kawo Dual Pixel abin ya gyaru sosai.

Raba fokas da maɓallin ɗauka

Wannan dabarar kwana biyun farko zaka tsane ta, bayan sati bazaka iya komawa ba. Ana cire aikin fokas daga maɓallin ɗauka a mayar dashi kan maɓallin baya da babban yatsa yake dannawa. Manyan kyamarori suna da AF-ON a rubuce. A ƙananan Nikon ka shiga saitin maɓallai ka mayar da AE-L/AF-L ya zama AF-ON, a ƙananan Canon kuma cikin Custom Functions zaka mayar da maɓallin mai alamar tauraro. Amfaninsa shine kyamara tana zaune a yanayin mai bi kullum, in abu na gudu ka riƙe babban yatsa, in ya tsaya ka danna sau ɗaya ka saki fokas ya tsaya cak, ba sai ka shiga menu kana canzawa ba alhali abu na wucewa. Kuma in kana bin ɗan wasa sai alƙalin wasa ya gifta ta gabanka, ɗaga yatsa kawai, ya wuce ka mayar. Illarsa guda, duk wanda ka miƙa wa kyamarar ya ɗauke ka a wajen biki zai dawo maka da hoto a dushe, sai ka haƙura ko ka yi masa bayani.

Maganar giftawa ta tuna min, a kyamarori matsakaita da manya akwai saitin da yake gaya wa fokas ya yi taurin kai ko ya yi saurin sauka daga abinda yake bi. Nikon suna kiransa Focus tracking with lock-on, Sony AF Tracking Sensitivity daga 1 zuwa 5, Canon 5D Mark III da 7D Mark II kuma suna da Case 1 zuwa 6. Case 2 shine mai naci, ko wani ya gifta bazai saki naka ba, shi nake sawa a taro da ƙwallo. Case 4 na abinda yake ƙara gudu ko ya ci burki ba zato, kuma jahi kenan, dokin ya taho a guje sai a ja linzami ya turje a gaban sarki, lokacin nan ne kintacen kyamara yake zarcewa gaba dan ta zata zai ci gaba da tahowa. In kyamararka bata da waɗannan kar ka damu, ɗan ɗaga yatsa ka sake dannawa daidai lokacin da ya turje, zata sake kamawa.

Ba kowane dishi-dishi ne laifin fokas ba

Duba hoton da ya lalace da kyau, ka zumo shi. In akwai wani abu a ciki da ya fito garau, bango ko ƙasa ko ɗan kallo, kuma naka ya dushe a ko'ina kamar hazo, fokas ne ya kauce. In kuma abin ya ja jela gefe guda kamar an goge shi da hannu, gudun shota ne ya yi ƙasa, ɗigo dubu bazasu gyara wannan ba. Mutum mai gudu sa shota a 1/500 na sakan zuwa sama, doki a sukwane da ƙwallo 1/1000, tsuntsu mai kaɗa fiffike 1/2000. Da rana a garinmu haske ba matsala bane, amma hawan Daushe da yamma ake yi, kafin a kai ƙarshe rana ta yi sanyi ga ƙura ta tashi, toh ka saki ISO, wato saitin dake ƙara wa hoto haske in waje ya yi duhu, ya hau, 1600 ko 3200 ma, hoto mai ɗan yashi-yashi ana iya gyara shi a sayar, wanda ya ja jela sai shara. Kuma IS ko VR ɗin dake jikin lens rawar hannunka kawai yake ragewa, baya tsayar da doki.

Ita ƙurar ma kanta tana cin fokas, ita da hazon hunturu, domin suna rage bambancin haske da duhun da ɗigon yake nema. In fili ya turnuƙe koma ɗigon tsakiya, nemi abu mai ƙyalli ko mai baƙi da fari a jikin mahayin, kuma in da hali tsaya inda iska take kore ƙurar daga gare ka. Kar ka canza lens a cikin wannan ƙurar ko da wasa.

Lens ma yana da nasa rabon. Ɗigo yana bada umarni ne, motar cikin lens ce take aiwatarwa, in motar mai nawa ce ko kyamarar miliyan nawa ce sai a hankali. Canon 75-300mm ɗin nan mai arha da ake yawan haɗa wa mutane yana da jan ƙafa, 55-250mm STM ya fi shi nesa ba kusa ba a wannan aikin. Masu Nikon D3000 da D5000 da 'yan gidansu ku kula in zaku sayi lens na hannu, tsofaffin masu AF ko AF-D basa otofokas a jikin kyamarorinku sam dan babu mota a bodin, sai AF-S, ko AF-P in bodin yana karɓa. Na ga wanda ya sayi 50mm f/1.8D yana ta murna ya samu arha, ya dawo yana cewa an sayar masa da matacce. In lens ɗinka yana da makunnin taƙaita nisa, wanda zaka ga an rubuta FULL da wani nisan a gefe, sa shi a na nesa, hakan yana hana shi dawowa har kusa yana lalube in ya rasa abin.

Da dare a wajen dina ko kamu labarin ya canza. Jan hasken nan da filasha take haskawa dan ta taimaki fokas baya kunnuwa a yanayin mai bi, a One Shot ko AF-S kawai yake aiki. Dan haka in hol ɗin ya yi duhu sosai kuma amarya takawa take a hankali ana mata liƙi, wani lokacin gara ka koma mai kullewa da ɗigon tsakiya, ka danna ka ɗauka nan take ba jira, filasha ta daskarar da motsin. In akwai fitilar mai bidiyo a kansu kuwa ka ci bulus, zauna a mai bi ka ɗora ɗigo a kan ido ko bakin ɗankwali.

Akwai kuma tsohuwar dabara da masu hoto suke yi tun kafin a san otofokas, in ka san inda abin zai bi, layin ƙarshe na tsere ko ƙofar da tawaga zata fito, kama fokas a wajen tun kafin su iso, da maɓallin baya wannan abu ne mai sauƙi, danna ka saki, tsuke zuwa f/8, suna shigowa wajen ka saki hotuna a jere. Mai 2000D da take ɗaukar hoto 3 kacal a sakan wannan zata fi yi masa amfani akan ya ce zai yi tsere da mai D500 mai ɗaukar 10.

Kar ka bari sai ranar sallah ka fara gwada duk wannan. Fita bakin titi da yamma inda ba zaka takura wa kowa ba, ka yi ta bin masu keke da adaidaita, na farko masu wucewa ta gefe, sannan masu tahowa wajenka dan su suka fi wuya. Ko ka je inda ake kilisa ka nemi izini, ko ka sa ƙaninka ya yi ta gudowa daga ƙarshen layi kana bashi na alawa. Ɗauki ashirin da ɗigo ɗaya, ashirin da 'yan rakiya, ashirin da duka, ka koma ka ƙirga nawa suka fito a kowanne. Manhajar Canon ta Digital Photo Professional da ta Nikon NX Studio kyauta ne kuma suna nuna maka daidai inda ɗigon ya sauka a kowane hoto, wasu kyamarorin ma suna nunawa a sikirin in ka kunna a menu. Ni da na fara dubawa naga a yawancin hotunan da suka lalace jan akwatin yana kan bango ne ko ƙasa, ɗan taƙi kaɗan daga kafaɗar mutumin, wato hannuna ne yake zamewa daidai lokacin da nake dannawa. Maganinsa ka manne gwiwar hannu a jiki, hannun hagu a ƙarƙashin lens, ka juya daga ƙugu, kuma ka ci gaba da bin abin ko bayan ka gama dannawa. In ka iya buɗe ɗaya idon ma ya fi, da shi zaka ga mai shirin giftawa, da shi kuma zaka ga dokin da ya ƙwace ya nufo inda kake tsaye, dan ta cikin lens mai zum nisa yana ruɗar mutum.